Daga Gadar Tuga Zuwa Lolo A Ƙafa: Kwana Biyar A Bakin Kwara

Wani bidiyo ne ya ja mana. Abokina da muka yi makaranta tare a Birnin Kebbi ya turo shi zaurenmu na WhatsApp da daddare: wasu matasa Turawa goye da jakunkuna, suna tafe bisa duwatsun bakin teku, igiyar ruwa tana dukan dutse a ƙarƙashinsu, ga wata farar hasumiya can gaba da fitila a kanta. A ƙasan bidiyon ya rubuta, "Mu kam sai kallo."

Hanyar da ke cikin bidiyon tana yankin Galisiya ne, a arewa maso yammacin Sifaniya. Sunanta Camiño dos Faros, wato hanyar hasumiyoyin fitila. Tsawonta kusan kilomita 200 ne, daga garin Malpica zuwa Fisterra, an kasa ta zango takwas. Mutanen wurin suna kiran wannan bakin teku Gaɓar Mutuwa saboda yawan jiragen ruwan da suka farfashe a duwatsunsa, kuma abin da ya sa aka giggina hasumiyoyin ke nan: matuƙin jirgi ya hango haske cikin dare ya san inda tudu yake, ya san inda zai kauce wa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba gwamnati ce ta fara fitar da hanyar ba. Wasu abokai ne 'yan yankin suka riƙa binta da ƙafa, suna shafa koren fenti a jikin duwatsu don na baya ya gane.

Na mayar masa da amsa cewa mu ma ai muna da bakin ruwa. Aka yi ta turo alamar dariya. Wani ya ce, "Kwara kake haɗawa da teku?" Mu goma sha ɗaya muka ce za mu je. Da lokaci ya yi, mu uku muka rage.

Sai dai gaskiyar abin da ya tunzura ni ba bidiyon ba ne. Kunya ce. Iyayena 'yan ƙaramar hukumar Bagudo ne, duk hutu can ake kai mu, amma ban taɓa taka Lolo ba, ban taɓa ganin Illo ba. Ina iya lissafo maka unguwannin Dubai daga waya, amma a tambaye ni ta ina kogin Neja ya shigo Najeriya sai in yi ta inda-inda, alhali a ƙofar gidanmu ne.

Kafin a ɗaura takalmi

Wanda na fara gaya wa shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin firamare da ya yi aiki a ƙauyukan ƙetaren gulbi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Mi ya hana ku hau kabu-kabu kamar kowa?"

Na ce, "Kawu, so muke mu ga ƙasa."

Ya ce, "To, ƙasa tana da masu ita. Ba ka shiga ba sallama."

A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Ashe ita ce dukkan tafiyar.

Bagudo ba ƙaramar ƙasa ba ce. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 4,700, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun kai wajen 238,000. Kogin ya raba ta biyu: garin Bagudo yana wannan ɓangaren, Ka'oje da Tsamiya da Illo da Lolo suna ƙetare, wajen iyakar Jamhuriyar Benin. Gadar Tuga ce ta haɗa su. Kuma kowa ya sani, 'yan shekarun nan bakin iyaka ba kamar da yake ba. Sunan Lakurawa ya shiga bakin jama'a a Kebbi da Sakkwato, arewacin Benin ma yana fama da nasa hare-haren. A irin wannan hali, samari uku da ba a sani ba, ɗauke da jakunkuna, suna ratsa tungaye a ƙafa, ba abin sha'awa ba ne ga mai gari. Abin tsoro ne.

Don haka sati biyu muka yi muna shiri, kuma yawancinsa ba sayayya ba ce, gaisuwa ce. Kawu ya kai mu fadar uban ƙasa, aka ba mu takarda. Muka sanar da jami'an tsaro ranar tashinmu da inda muka nufa. Ya buga wa tsofaffin ɗalibansa waya ɗaya bayan ɗaya, har muka sami wanda zai karɓe mu a kowane zango. An nuna mana wuraren da ba za mu bi ba, muka yarda ba musu. Sharaɗinsa biyu ne: kada magariba ta same mu a hanya, kuma kada mu ɗauki hoton kowa ko gidan kowa sai an ce mu ɗauka.

Kayanmu ba su da yawa: gidan sauro, bargo, tocila, fawa banki, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, maganin zazzaɓi, gishirin haɗi na gudawa, da gorar ruwa biyu-biyu.

Rana ta farko: baƙin ruwa

Mun tsallake gadar Tuga bayan sallar asuba, ƙarshen Disamba, hazo ya rufe kogin har ba ka ganin tsallake. Muka sauka daga kwalta muka juya muna fuskantar inda ruwa ke gangarowa, kogi a hannunmu na dama.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne cikar ruwan. Wata biyu da ɗaukewar damina, ciyawa duk ta bushe, amma kogi cike yake taf. Wani dattijo da muka tarar yana gyaran koma a gindin giginya ya yi mana bayani. Kwara sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, wanda ke zuwa wajen Agusta da Satumba da laka a cikinsa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke isowa da hunturu, garai-garai. Shi wannan ruwan sama ne da aka yi tun damina a tsaunukan ƙasar Gini, inda kogin ya faro. Sai ya yi watanni yana bazuwa cikin fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya ratsa Nijar ta Yamai, sannan ya iso mana. Kogin gaba ɗaya ya kai wajen kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku a kudancin Najeriya.

Dattijon bai faɗi kilomita ba, ni na ƙara wannan. Amma ya san watan da kowane ruwa ke zuwa, da kifin da ke biyo shi, da lokacin da ake kafa mamari da lokacin da ake jefa birgi. Ya nuna da haɓa can tsallake cikin hazo ya ce ta wannan yankin ne gulbin Kabi, wanda ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi, yake zuba cikin Kwara. Na yi shekaru ina tsallake wannan gulbin a mota ban taɓa tambayar inda ya ƙare ba.

Tafiyar ranar ba ta yi wuya ba. Hanyar ƙafa ce da babura suka daddage, tana bin bakin fadama. Ko'ina ka duba injin ban-ruwa ne ke ƙugi, ana shirin shinkafar rani. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, shinkafar Kebbi ta yi suna a ƙasa. Amma in ka zauna da manoman, ba sunan suke ba ka labari ba. Kuɗin fetur ne, wanda ya ninka tun cire tallafi a Mayun 2023, da ambaliyar 2020 da har yau wasu ke lissafin bashinta. Wani saurayi sa'anmu ya nuna mana alamar da ruwan shekarar ya bari a jikin bangon masallaci. Ta kai ƙirjina.

Mun isa zangon farko da la'asar. Mai masaukinmu ya kai mu wajen mai gari kafin ma mu ajiye jaka. Aka karanta takarda, aka yi addu'a, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da bandar tarwaɗa. Muka yi barci kamar an yanka mu.

Rana ta biyu: wayon da ya kusa cin mu

A nan muka yi wauta, kuma ba laifin kowa ba ne sai namu.

Da safe mai masaukinmu ya ce mu bi ta tudu, mu zagaye wata fadama, domin baƙin ruwa ya shigo ta. Taswirar waya kuwa ta nuna hanya miƙaƙƙiya ta tsakiyar fadamar, wadda za ta rage mana kusan awa biyu. Abokina mai bidiyo ya ce, "Tauraron ɗan'adam ne fa ya ɗauki wannan." Muka bi waya.

Hoton da ke cikin wayar da rani aka ɗauke shi. Da farko laka iya idon sawu, sai gwiwa, sai ga mu tsamo-tsamo cikin burugu, ruwa iya cinya, takalmin ɗayanmu ya maƙale ya tafi ke nan. Muka ce mu koma, muka kasa gane ta inda muka shigo, don ciyawar duk iri ɗaya ce kuma ta fi mu tsawo. Sabis ya ɗauke. Can wani gefe muka ji wani gurnani mai kauri, irin wanda ban taɓa ji ba. Daga baya aka tabbatar mana dorina ce. Wallahi a lokacin ba wanda ya ce uffan, kowa salati yake a ciki.

Sai da rana ta faɗi muka fito kan wani ɗan tudu. Sharaɗin Kawu na farko ya karye. Duhu ya rufe, sanyi ya sauko, kayanmu jiƙe. Ba mu san gabas ba, ba mu san yamma ba.

Ƙaraminmu ne ya hango shi: wani jan haske ƙarami can nesa, sama da bishiyoyi, yana ƙiftawa. Fitilar kan ƙarfen sabis ce. Don jiragen sama ake sa ta, ba don mu ba, amma inda ƙarfen sabis yake akwai gari. Muka sa shi gaba, muna tafe muna lalube. Abokina ya yi wata 'yar dariya ta wahala ya ce, "To, ga hasumiyarka nan."

Ba mu kai ga ƙarfen ba. Wajen rabin awa muna tafiya sai fitilu huɗu suka haske mu lokaci ɗaya, aka daka mana tsawa mu tsaya. 'Yan sa-kai ne na wata tunga, da bindigogin toka da adduna. Aka ce mu ajiye jakunkuna, mu zauna ƙasa. Ba su zage mu ba, ba su taɓa mu ba, amma ka ga fuskokinsu ka san ba wasa suka fito ba.

Babbansu ya ce, "Ku ɗiyan wa ne? Mi kuka nema nan da dare?"

Ka yi tunani, mai karatu, yadda amsar "yawon buɗe ido muke" za ta sauka a kunnen mutumin da ya bar matarsa da 'ya'yansa ya fito gadi cikin sanyi. Ban faɗe ta ba. Na ce, "Baba, mun yi kuskure. Akwai takarda cikin jakata." Allah ya taimake mu na naɗe ta a leda. Aka haska, aka karanta. Sannan na ambaci sunan Kawu. Wani daga bayansu ya matso ya ce, "Malam? Shi ya koya mini karatu aji uku." Ya hau kan wata suri inda sabis ke kamawa ya buga masa waya.

Ban ji abin da Kawu ya ce ba, amma na ji dariyar da mutumin ya yi. Daga nan aka kai mu tunga, aka hura mana wuta, wata tsohuwa ta fito da zannuwa ta ce, "Ku tuɓe jiƙaƙƙun nan, ɗiyana, kada sanyi ya kama ku." Na ce, "Inna, mun gode." Ta ce godiya ta Allah ce, amma gobe mu riƙa jin magana.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Jan hasken ya nuna mana inda mutane suke, gaskiya ne. Amma da ba takarda, da ba sunan wani malami da ya yi shekaru yana koyarwa a ƙauyen da ba wanda ke son a tura shi, da hasken nan kai mu ya yi ga halaka. A Galisiya dutse da igiyar ruwa ne haɗarin, shi ya sa fitila ta wadatar. A bakin Kwara yau babban haɗarin shi ne a rasa wanda ya san ka.

Rana ta uku: cikin jirgi

Da gari ya waye ƙafar mai bidiyo ta yi bororo, ga takalmi ɗaya babu. Aka samo masa silifa. Sarkin ruwan tungar ya ce gaba ma akwai wani wurin da ruwa ya cinye hanya, gara a tsallakar da mu da jirgi. Wannan karon ba wanda ya ciro waya.

Kwalekwalen katako ne, wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba yana tuƙi da gora, in ruwa ya yi zurfi ya koma filafili. Yana magana da mu da Hausa, ya juya ya gaisa da wani jirgin da Zabarmanci, "Fofo," su amsa. A wannan bakin ruwa za ka tarar da Sarkawa masunta, da Dandawa, da Zabarmawa, da Kyangawa, da Busawa, da Fulani da ke gangaro da shanu daga wajen Ka'oje, kuma yaro ɗaya yana iya juya harshe uku bai taɓa ɗaukar hakan wani abu ba. Mu da muka yi jami'a, biyu muke fama da su.

Babu rigar kariya ko ɗaya a jirgin. Na tambaya, yaron ya yi murmushi ya ce shi ai ya iya ruwa. Na ce mu fa? Ya ce Allah ya kiyaye. Duk wanda ya tuna jirgin da ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, inda aka rasa mutane da dama a wannan kogin, ya san wannan amsar ba ta isa ba. Ga mutanen tungayen nan jirgi shi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti. Hukuma ta hana tafiyar dare a ruwa, amma mai naƙuda ba ta duba agogo. Da muka yi hira da sarkin ruwa ya ce idan dare ya kama matuƙi, da abu uku yake gane hanya: taurari, inuwar giginyun da ya haddace, da tocilar wanda ke jiransa a mashaya. Ban ga wata alama ko fitila da aka kafa don jirage ba a duk tsawon inda muka bi. Yanzu da fitila mai aiki da hasken rana ta yi arha har ana sa ta a ƙofar shago, na kasa gane abin da zai hana kowace mashaya samun guda ɗaya bisa dogon ƙarfe.

Rana ta huɗu: Giris da Illo

Giris ƙaramin gari ne a bakin ruwa, in ka wuce a babur ba za ka waiwaya ba. Amma sunansa yana cikin yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Paris ranar 14 ga Yunin 1898. A ciki aka ce iyakar ƙasashen da suke riƙe da su za ta taɓa kogin a wani wuri mil goma sama da Giris, wadda suka kira tashar jiragen Illo. Wato daga wannan mashayar da muka ga mata suna wanki aka auna inda Najeriya ta ƙare. Ba wanda ya tambayi masu wankin.

Kafin wannan layi, Illo ɗaya ce daga cikin manyan masarautun Bargu uku, tare da Busa da Nikki, waɗanda duk suke danganta asalinsu da Kisra. Turawa sun yi tsere a kan ƙasar: a 1894 Lugard ya yi sauri ya riga Faransawa isa Nikki don ƙulla yarjejeniya. Da aka zo rabo, Nikki ta faɗa hannun Faransa, yau tana Benin. Busa da Illo suka zauna ɓangaren Ingila. Tsohuwar Busa kuma ruwan madatsar Kainji ya cinye ta a 1968. A gabanta ne Mungo Park, wanda ya gangaro ta wannan bakin ruwan da muke bi, ya gamu da ajalinsa a 1806.

Mun bar bakin kogi muka hau zuwa Illo, muka yi gaisuwa a fada kamar yadda aka umarce mu. Da yamma wani dattijo ya zaunar da mu a zaure ya ba mu labarin fatake. Nan ɗaya ce daga cikin mashigan da ayarin Hausawa ke tsallake Kwara a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Su taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna, da kanwa da tufafi da fatu, su ratsa Bargu, su bi ta Jugu har Salaga a ƙasar Gana ta yau. Watanni ake yi a hanya. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki, kuma kowane gari aka isa sai an yi gaisuwa an biya fito kafin a wuce.

Na kalli abokaina. Mu da muke ganin mun kwaikwayo Turawa, ashe abin da muka yi sati biyu muna yi, na neman izini da tsara zango da sanin mai masauki, tsarin kakanninmu ne. Kawu shi ne jagabanmu, sai dai shi da waya ya yi nasa. Tafiyar ƙasa ta kwanaki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mu ne muka bar ta, har ta koma abin da muke kallo a bidiyon wasu.

Rana ta biyar: Lolo

Mun shiga Lolo da hantsi, ƙafafu sun yi nauyi, leɓɓa sun tsage. Gari ne na bakin iyaka sosai: buhunan shinkafa da albasa, jarkoki, jirage manya da ƙanana a bakin ruwa, masu canji da naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya. Gaba kaɗan Madikali ce, garin farko a Benin, bayanta kuma Malanbil, mai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar, wadda gada ta haɗa da Gaya ta Nijar. Tsofaffi har yanzu in za su ce tsallaken iyaka sai su ce "Faransa".

Mun gabatar da kanmu ga jami'an da ke bakin iyaka, muka nuna katin ɗan ƙasa da takardarmu. Ba mu tsallaka ba, don ba mu yi shirin haka ba. Muka tsaya inda aka ce mu tsaya muka kalli ruwan yana shigowa. Ba wata alama a kansa. Launinsa ɗaya, kafin iyaka da bayanta.

Amma layin yana da nauyi a rayuwar mutane. Wani mai shayi da muka zauna wajensa, mahaifiyarsa 'yar Madikali ce, matarsa ma haka. Ya lissafa mana da yatsu: rufe iyakokin da aka yi a Agustan 2019, hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban shekarar, sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da ya jawo rufe gadar Malanbil da Gaya, kaya da mutane suka koma bin ruwa. Kowanne daga Abuja ko Yamai ko Kwatano aka yanke shi, amma a teburin shayinsa ya sauka. Ya ce mu ne baƙi na farko da ya gani sun zo Lolo ba saye ba, ba sayarwa ba, ba kamfen ba. Ya ƙi karɓar kuɗin shayin.

In kana son ka gwada

Ba zan ce kowa ya ɗauki jaka gobe ya kama hanya ba. Halin tsaro yana canzawa daga wata zuwa wata, kuma inda muka bi lafiya bana ba lalle ne ya zama haka baɗi ba. In masu ƙasa suka ce a dakata, a dakata. Amma in hali ya yi, ga abin da muka koya da jikinmu:

Ka fara da gaisuwa: uban ƙasa, jami'an tsaro, mai gari. Takarda a leda, a aljihun gaba.

Kada ka tashi sai ka san sunan wanda zai karɓe ka a kowane zango, shi ma ya san da zuwanka.

In waya ta ce dama, mai gari ya ce hagu, bi hagu.

Ka tashi da asuba, ka sauka da la'asar. Daga Nuwamba zuwa Janairu ne rana ke da sauƙi.

Kada ka yi wanka ko ka daɗe cikin ruwan fadama da ke kwance, akwai tsargiya. Mu sai da muka je asibiti aka duba mu bayan mun dawo. Ruwan sha kuma na famfo ko wanda aka tafasa.

In za ka shiga jirgi, ka tafi da rigar kariyarka, kuma kada ka hau wanda aka cika fiye da kima.

Ka riƙe 'yar tsaraba, ko goro ko sabulu ko sukari. Ba za su karɓi kuɗin masauki ba, amma kada ka zo hannu rabbana.

In kwana biyar ta yi yawa, yi ɗaya. Daga garinku zuwa ƙauyen kakarka ma tafiya ce.

Da muka dawo Bagudo a motar haya, tafiyar da ta ci mana kwana biyar ta ƙare cikin 'yan awanni. Na je gaishe da Kawu ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya tambaye ni sunayen tungayen da muka kwana, na faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Ya tambayi tsohuwar da ta ba mu zannuwa, ya ce mijinta abokinsa ne, ya rasu shekarun baya, shi kuma bai sami zuwa ta'aziyya ba saboda hanya.

Sai ya ce, "Da salla za ka koma ka gaishe ta. Ka tafi da ƙannenka, su ma a san su."

Yanzu a zaurenmu na WhatsApp mutum tara sun ce za su bi mu. Mun san yadda tara ke komawa uku. Amma mun fara karo-karo, kuma ba na takalma ba ne. Fitila ce mai aiki da hasken rana, da dogon ƙarfe, za mu kai wa sarkin ruwan tungar da aka hura mana wuta. Ya ce in mun kawo, shi zai nuna mana inda za a kafa ta.